Shin ƙaramin madubin hangen nesa na nuna zoben Zuhal?

Kawu (Jidda): Assalamu alaikum. Ni dai ina nan a kan bakana: waɗannan ƙananan madubai masu faɗin baki milimita 70 ba sa nuna komai in ban da wata. A rubuta "ninki 525" a kwali, wato yana ƙara girman abu sau 525, a manna hoton Zuhal (Saturn) da zobensa, yaro ya saya ya leƙa, sai hazo. Asarar riyal ce.

Malama (Makka): Wa alaikumus salam Kawu. Rubutun kwalin ne yaudara, madubin ba shi da laifi. Don a san ninki, ana raba tsawon fokas na bututun (nisan da gilashin gaba ke tara haske, a milimita) da lambar da ke jikin gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa. In bututun 700 ne, gilashi mai lamba 25 zai ba da ninki 28, mai lamba 10 ya ba da 70. Wancan 525 ɗin daga gilashi mai lamba 4 ne da aka haɗa da Barlow, wani ƙarin gilashi mai ninka uku. Iyakar abin da baki mai milimita 70 ke ɗauka kusan ninki 140 ne. In an wuce nan, hasken ya dushe, hoton ya narke. A ninki 70 kuwa zoben Zuhal na fitowa sarai, ɗan mitsitsi amma ba ya ɓuya.

Kawu (Jidda): Malama, ai zoben ya juya mana gefe a Maris 2025.

Malama (Makka): Haka ne Kawu, lokacin ya zama kamar zare. Amma yana buɗewa a hankali har wajen 2032. Ga Mushtari (Jupiter) ma: watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610 suna jere a ninki 28, kullum da sabon wuri, kuma a ninki 70 ana ganin ratsi biyu masu duhu a jikinsa. Zara tana cika tana raguwa irin na wata.

Baffa (Madina): Ku ba Kawu haƙƙinsa. Mirrihi (Mars) ɗigon ja ne kawai, sai in ya matso, kusan duk wata 26. Andromeda, wani babban tarin taurari mai nisa, ɗan farin tabo ne, babu launin da ake gani a hoto, domin hoton kamara ce ta daɗe tana tara haske. Kaza da 'ya'yanta kam suna da kyau, amma da gilashi mai lamba 25.

Yaya (Jidda): Baffa, rabin matsalar a nan garin daga wurin tsayawa ne. Simintin saman bene na fitar da zafin rana har dare, injin esi na hura iska mai zafi, sai hoton ya riƙa rawa. Sannan in an fito da madubi daga ɗaki mai sanyi zuwa laimar Jidda, nan take gilashi ke yin raɓa. Kada a goge shi, a bar shi minti 20 zuwa 30. A saita ɗan madubin nema, wato ƙaramin da ke kan bututun, da rana tsaka a kan kololuwar hasumiya mai nisa, in ba haka ba ba za a taɓa kama Zuhal ba. Ƙafafun madubin in suna girgiza, a rataya musu gorar ruwa. Kuma a ninki 70 tauraro na ficewa cikin kamar minti biyu saboda juyawar duniya, dole a riƙa bin sa. Wanda ya samu dama ya hau Ɗa'ifa, ya fita bayan gari.

Auta (Makka): Yaya, wata fa? Daren sha huɗu ya fi?

Yaya (Jidda): A'a Auta, ranar babu inuwa, ramukan jikin wata ba sa fitowa. Daren bakwai ko takwas, ka dubi iyakar haske da duhu.

Kawu (Jidda): Na yarda da Mushtari. Zuhal sai na gani da idona. Amma ku gargaɗi masu neman jinjirin wata da shi: kada su ɗaga bututu yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin leƙe ɗaya na ƙona ido. Baƙin gilashin rana da ake ɗaurawa a gilashin ido kuma zafi na fasa shi, a jefar.