Shin tun asali matan Japan ba su da ta cewa?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka karanci tarihin Gabashin Asiya. Duk lokacin da aka zo maganar matan Japan na zamanin da, siffa ɗaya ake nuna mana: mace ta durƙusa a bakin ƙofa tana jiran maigida, idan sun fita tana biye da shi a baya, ba ta da gado, ba ta da baki a harkar gida. To amma na karanta cewa ƙasar ta yi sarakuna mata, kuma Amaterasu, wadda gidan sarautarsu ke danganta asalinsa da ita, mace ce a addininsu na Shinto. Ta yaya waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a ƙasa ɗaya? Shin matsayin mace ya taɓa zama sama sannan ya faɗi ne, ko kuwa sarakunan nan mata ba su da alaƙa da rayuwar sauran mata?

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya rikita lamarin shi ne ana ɗaukar shekaru fiye da dubu a dunƙule su wuri ɗaya a kira su al'adar Japan, alhali matsayin mace ya sauya sau da dama a cikinsu.

Littattafan tarihin ƙasar Sin sun ambaci wata sarauniya mai suna Himiko da ta mulki wani yanki na Japan a ƙarni na 3. Bayan ita, mata takwas sun hau gadon sarautar ƙasar, shida daga cikinsu tsakanin ƙarshen ƙarni na 6 da shekarar 770, farawa da Suiko, kuma biyu daga cikin shidan sau biyu suka yi mulki.

Amma ni a ganina tsarin aure da gado ya fi sarauta nuna mana gaskiyar matsayin mace. A zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, 'yar babban gida ba lallai ba ne ta tare a gidan miji. Sau da yawa tana zaune ne a gidan iyayenta, mijin ke zuwa wurinta, 'ya'yan kuma su tashi a hannun dangin uwa. Tana gadon gida da gona, ta kuma bar wa wanda ta so. Da wannan tsari ne dangin Fujiwara suka riƙe fada, domin suna aurar da 'ya'yansu mata ga sarakuna, jikan da zai gaji sarauta kuma ya girma a gidan kakansa na wajen uwa. A wannan fada ce Murasaki Shikibu ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11, da rubutun kana, wato haruffan Japan na gida, a lokacin da maza ke tinƙaho da rubutun Sinanci.

Ko da mayaƙa suka karɓi mulki suka kafa gwamnatinsu a garin Kamakura, abin bai rushe nan take ba. Hojo Masako, matar Minamoto no Yoritomo wanda ya kafa wannan gwamnati, ta ci gaba da juya gwamnati bayan rasuwar mijinta har ta rasu a 1225, kuma kundin dokokin mayaƙa na 1232 ya amince mace ta mallaki ƙasa, ta kuma ɗauki magaji idan ba ta haihu ba. Daga ƙarshen ƙarni na 13 ne lissafi ya sauya. Raba gado tsakanin 'ya'ya ya riƙa ƙanƙanta gonakin gidajen mayaƙa, ga shi yaƙi da Mongol a 1274 da 1281 bai kawo sabuwar ƙasar da za a raba ba, sai aka fara bai wa 'ya mace rabonta na iya tsawon rayuwarta kawai, idan ta mutu ya koma hannun babban magaji. Daga baya aka tattara komai ga ɗa namiji guda, amarya kuma ta koma tarewa a gidan miji, ƙarƙashin ikon uwar mijinta.

Malamar Makaranta ta amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, zan ɗora daga inda ya tsaya. Siffar da kika kawo, 'yar'uwa, ta fi kama da abin da aka tsara wa matan samurai, wato ajin mayaƙa, a zamanin Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da koyarwar Konfushiyas, malamin falsafa na ƙasar Sin, ta samu gindin zama. Akwai wani littafin tarbiyyar mata mai suna Onna Daigaku da aka buga a 1716, wanda ya yi ta yawo a gidaje. Koyarwar zamanin ita ce mace ta bi mahaifinta tana budurwa, ta bi mijinta tana aure, ta bi ɗanta idan ta tsufa, an kuma lissafa dalilai bakwai na sakinta, ciki har da rashin haihuwa, kishi, rashin biyayya ga surukai, har da yawan surutu.

Sai dai samurai ba su kai kashi ɗaya cikin goma na al'umma ba. Mafi yawan mutane manoma ne, kuma matar manomi ba ta da halin zama a bayan labule, domin da ita ake dashen shinkafa, ita ke kiwon tsutsar siliki, ita ke saƙa. A gidajen 'yan kasuwa, musamman na Osaka, idan ɗan gida bai da kan ciniki, sai a aura wa 'yar gida yaron shago mai hazaƙa, a mayar da shi ɗa kuma magaji. Irin wannan miji ya san a gidan wa yake zaune.

Batun saki ma yana da fuska biyu. Miji ne kaɗai ke rubuta takardar saki, 'yar gajeriya ce da aka saba yi a layi uku da rabi, amma a cikinta akwai izinin matar ta sake aure, kuma mata da yawa sun sake auren ba tare da an ɗauke shi abin kunya ba. Wadda mijinta ya ƙi saki kuwa tana iya gudu zuwa ɗaya daga cikin wuraren ibadar Buddha guda biyu da hukuma ta amince da su, Tokeiji a Kamakura ko Mantokuji. Idan ta zauna kimanin shekara biyu, aure ya mutu ko miji ya so ko ya ƙi. Har ana cewa idan masu bin ta sun kusa cim mata, ta cire takalminta ta jefa cikin ƙofar, an ɗauka ta shiga.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, gwamnatin Meiji, wadda ta biyo bayan Tokugawa da sunan zamanantar da ƙasa, ita ce ta ɗauki tsarin gidan samurai ta ɗora wa kowa. Dokar iyali ta 1898 ta sa kowane gida ƙarƙashin shugaba guda, babban ɗa namiji ne ke gadon shugabancin, miji ke kula da dukiyar matarsa, kuma ba ta da ikon ƙulla manyan yarjejeniyoyi sai da izininsa. Yawan saki, wanda yake da yawa ƙwarai a shekarun 1880, ya faɗi sosai bayan wannan doka. Tun 1872 an wajabta karatun firamare ga yara mata, amma manufar da aka sa wa iliminsu ita ce samar da mace ta gari kuma uwa mai hikima, sannan a 1890 aka hana mata halartar tarukan siyasa. Saboda haka wani ɓangare na abin da ake kira tsohuwar al'ada bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba a matsayin doka ga talaka.

Mai Duba Ɗaya Gefen ya amsa:

Ban musanta abin da malamai suka faɗa ba, amma ina jin tsoron mai karatu ya tashi da tunanin cewa kafin 1898 mata na cikin daula. Matan Heian da ake yabo 'yan tsiraru ne a fadar Kyoto, suna rayuwa a bayan labule, kuma ita kanta Murasaki Shikibu ba a san sunanta na yanka ba. Sarauniyoyi da dama kuma riƙon ƙwarya suka yi kafin yaro namiji ya girma.

A zamanin Tokugawa, matan manyan hakimai a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ake ajiye su a matsayin garkuwa don kada mazajensu su yi tawaye, shi ya sa masu gadin shingen Hakone, da ke kan hanyar Edo, suka fi sa ido kan abu biyu, bindigar da za ta shiga Edo da macen da za ta fita daga cikinsa, har akwai mata na musamman masu kwance gashin matafiya mata suna bincike. Dokar lokacin ta bai wa miji damar kashe matar da ya kama da kwarto, shi kuwa yana iya ajiye ƙwarƙwara. Talaka idan yunwa ta matsa yakan karɓi kuɗi ya miƙa 'yarsa ga gidajen Yoshiwara, unguwar karuwai da hukuma ta ba wa lasisi a 1617, da sunan kwantiragin shekaru, kuma da yawa a can suka mutu da ƙuruciyarsu. Ga kuma ɗaukar jinin haila da na haihuwa a matsayin ƙazanta, wanda ya sa aka hana mata hawa dutsen Fuji har 1872, dutsen Omine kuwa har yau ba a yarda su hau ba. Wasan kwaikwayo na kabuki mace ce ta fara shi, Okuni, amma a 1629 aka kori mata daga dandalinsa. Aikin da matar manomi ke yi ya ba ta baki a cikin gida, na yarda, amma a taron ƙauye maigida ne ke zama.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu ɗaya: idan mata takwas sun yi sarauta, me ya sa yanzu ake cewa 'yar sarki ba za ta gaji mahaifinta ba?

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Wannan ma aikin zamanin Meiji ne, Malama. Mace ta ƙarshe da ta hau gadon ita ce Go-Sakuramachi a ƙarni na 18, sannan dokar gidan sarauta ta 1889 ta keɓe sarauta ga maza, sabuwar dokar da aka yi a 1947 kuma ta bar abin yadda yake. Shi ya sa Gimbiya Aiko, 'ya tilo ga Sarki Naruhito, ba ta cikin jerin magada. Masu kare dokar suna kafa hujja da cewa dukkan sarauniyoyin nan takwas ta wajen uba suka fito daga zuriyar sarauta.

Sauran tsarin 1898 kuwa an rushe mafi yawansa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mata sun fara jefa ƙuri'a a Afrilun 1946, inda 39 suka shiga majalisa, kuma sashe na 24 na tsarin mulkin 1947 ya ce aure sai da yardar mace da namiji, tare da daidaiton haƙƙi tsakaninsu. Abin da ya rage a doka, ban da sarauta, shi ne wajabcin ma'aurata su ɗauki sunan iyali ɗaya. Dokar ba ta ce dole na miji ba, amma a kusan kowane aure matar ce ke barin nata, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2015, ta sake tabbatar da ita a 2021.