Abin da aka tattara kan murar tsuntsaye da yadda ƙwayarta ke sauya kama

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar muhawara da aka yi kan murar tsuntsaye, da ko za ta iya zama annoba a cikin mutane.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Ƙwayar mura ba ta zama a kama ɗaya. Tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke sake duba haɗin allurar rigakafi sau biyu a shekara.

2. Babban haɗarin shi ne cuɗanya. Sinadarin gadon halitta na ƙwayar mura nau'in A ya kasu kashi 8 ne. Idan iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, musamman alade, sai su yi musayar waɗannan sassa, sabuwa ta fito wadda jikin mutum bai san ta ba. Haka aka samu annobar 1957 da 1968 da 2009.

3. Masu kiwo, idan kaji suka soma mutuwa ba gaira ba dalili, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a kira likitan dabbobi. A raba kaji da agwagi, a wanke hannu da sabulu bayan fiɗa da figa. Wannan ta fi tsaya mini a rai, domin a jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye da ake kira H5N1 a Afirka, a 2006.

Inda aka rabu:

Wasu na ganin H5N1 ce annoba ta gaba, tunda a 2024 ta shiga shanun madara a Amurka. Wasu suka ce tun 1997 ta fara kama mutane a Hong Kong, amma har yau ba ta yaɗuwa sosai tsakanin mutum da mutum.

Kasuwar kaji masu rai kuwa, wasu sun ce a rufe, wasu sun ce a ware ranar wanki da feshi. Na fi karkata ga na biyu, don abincin gidaje da yawa yana can.