Neman kalma: me za mu kira abin da tauraro ya bari bayan ya fashe?

Salam jama'a, masu Hausa a baki dan Allah ku matso kusa, yau ni aka ƙure. Satin da ya wuce na tura wani hoto a zauren WhatsApp na gidanmu, hoton da na kwana uku ina haɗawa a bayan gidan da nake haya a gefen Birmingham, sai ga saƙon murya daga Hajiyarmu tana cewa "kai kuma wannan hayaƙin na menene, ja da shuɗi kamar an yaga gyale?" Na buɗe baki zan bata amsa sai naji ba komai a bakin sai Turanci. Supernova remnant ake ce masa, to na faɗa mata haka tace min me?

Bari na fara faɗin menene abun kafin a fara jefo kalmomi. Tauraro mai nauyi sosai, wanda ya ninka rana sau takwas ko fiye, idan makamashin cikinsa ya ƙare sai cikin ya rufta, na wajen yayi bindiga ya watse. Wannan fashewar ita ce supernova, kuma ni banga abin gardama a nan ba, fashewar tauraro kowa ya gane. Gajimaren gas ɗin da ya rage yana ci gaba da buɗewa a sararin sama shekaru dubbai bayan nan, shi nake nema wa suna. Wanda ke hoton nawa Turawa na kiransa Veil wato mayafi (kunga Hajiya bata yi nisa ba da tace gyale), William Herschel ne ya gano shi a 1784, nisansa tafiyar haske ce ta shekara kusan 2,400, tauraron kuma ya fashe ne tsakanin shekara 10,000 zuwa 20,000 da suka wuce. Faɗinsa a sama ya kai a jera wata shida cikakku, amma da ido zalla ba zaka ga komai ba.

Wani zai ce ya akai ka ɗauka a cikin gari. To a nan daɗin abun yake. Akwai ma'aunin duhun sama da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9, 1 shine duhun daji sosai 9 kuma tsakiyar birni, ni inda nake 7 ne wani lokacin har 8, sama kamar an watsa mata ruwan kunu, ga fitilar maƙocina mai kunna kanta duk sanda mage ta gifta, wlh na sha haƙuri da ita. Amma shi wannan gas ɗin ba da kowane launi yake haske ba. Haidurojin ɗinsa ja yake bayarwa daidai kan nanomita 656 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da lambarsa), oksijin kuma shuɗi-kore kan 501, shikenan kusan. Sai ka saka filta a gaban kyamara wadda ta toshe komai ta bar ƙofofi biyu 'yan tsukuku, tawa faɗin kowace nanomita 7 ne, hasken fitilun titi yazo ya tarar an rufe sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da can da fitilun titi na sodiyam ne masu ruwan lemo abin yafi sauƙi don haskensu a waje ɗaya ya taru, wajen 589, yanzu an koma LED da ke fesa kowane launi, duk da haka filtar na rage kaso mafi yawa. Shi yasa mu 'yan gefen gari muka fi bin irin waɗannan, don in kace Andromeda, babban tarin taurarin nan, zaka ɗauka daga nan ka shiga uku, haskenta na taurari ne mai kowane launi, ka tace fitila ka tace ta tare. Nawa hoto 72 ne kowanne minti biyar, awa shida kenan, na jibga su kan juna da manhajar Siril.

Af, shi ma light pollution ɗin naga ana rubuta gurɓatar haske, ni bai kwanta min ba, kamar hasken ne ya gurɓace alhali shine mai ɓarnar. Hazon fitilu nake cewa, duk wanda ya taɓa ɗaga kai a Kano watan Janairu ya san me hazo ke yiwa taurari. Wannan mu barshi haka.

Yanzu ga abin da aka kawo min zuwa yanzu.

Yayana shi ya fara, yace "kai ƙane kana son wahalar da kanka, kace gawar tauraro mana." Nace Yaya ai gawar daban take. Ka ɗauki wani irinsa da ake kira Ƙaguwa (Crab a Turance), na farko a jerin abubuwan sama na masanin taurari Messier, wanda masanan China suka rubuta fashewarsa a 1054 suka kira shi baƙon tauraro, har kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka. A tsakiyarsa akwai ɗan dunƙulen da ya rage daga cikin tauraron, faɗinsa bai wuce na gari guda ba, yana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. To wannan dunƙulen shi ya cancanci gawa, in ma gawa na juyi. Idan muka baiwa gajimaren sunan me za mu kira shi kuma? Sannan wasu fashe-fashen ko gawar basa bari, irin na 1006 da Ali bin Ridwan ya gani daga Masar, tauraron gaba ɗaya ya watse.

Tokar tauraro, wata 'yar'uwa ce ta kawo, yayi daɗi a kunne gaskiya amma toka abu ne da ya huce ya kwanta, wannan kuwa na Ƙaguwa har yanzu gudun kusan kilomita 1,500 yake a daƙiƙa. Burbushi yayi ƙanƙanta, kamar na biredi a kan tabarma. Wani yace a bar shi sufanoba kawai tunda mun ari kwamfuta da intanet ba wanda ya mutu, na yarda aro ba laifi bane, amma kalmar kanta kuskure ce aka gada, nova da Latin sabo take nufi, masanin taurari Tycho Brahe yaga wani a 1572 ya ɗauka sabon tauraro ne ya fito alhali mutuwa yake kallo, masanan taurari Baade da Zwicky suka ƙara mata super a shekarun 1930. Kuma ko mun ara sunan fashewar ne, bai bamu na abin da ya rage ba.

Wanda na kusa tsayawa a kai shine baraguzan tauraro. Kalma ce da muke ji a labarai kullum, gini ya rufta ana tono mutane daga baraguzai, tana ɗauke da ƙarfi da rugujewa, ba wanda zai tambaye ka fassara. Har na rubuta shi ƙarƙashin hoton. Sai wani dattijo malamin makaranta daga Damagaram ya shigo yace "ɗana, kafin ka rufe, abin da ke hoton nan naka jikin tauraron ne ko kuwa wurin da ya zauna?" Allah ya ƙara wa Malam lafiya, tambayar nan ta tsayar dani, don amsar ita ce galibi ba jikinsa bane. A tsoho irin Mayafi, zare-zaren nan ja da shuɗi da kuke gani yawanci gas ne da dama can yake zaune a wurin, ƙarfin fashewar ne yazo ya bangaje shi ya matse shi ya ɗumama shi har yake haske. Kayan tauraron kansa sun zama 'yan kaɗan a cikin abin da aka sharo. Kenan baraguzai ya dace da yaro irin Ƙaguwa da bai cika shekara dubu ba, amma ga tsofaffin akwai 'yar ƙarya a ciki.

Malam yace to ai Hausa na da kalmar wurin da aka zauna aka tashi, kufai. Ya kawo misalin Kufan Kanawa da ke can wajensu a Nijar. Wlh sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Duk wanda ya taɓa bi ta kufai ya san yadda yake, mutanen babu su amma ga alamar ganuwa a zagaye, ga kukoki, ga fasassun tukwane, ƙasar wurin ma ta canza kala saboda zaman da akayi a kanta. Mayafi ma zagaye ne, ɓangaren gabas da na yamma kamar ragowar ganuwa, tsakiya kusan wayam, kuma har yau ba a tabbatar da gano dunƙulen tauraron da yayi shi ba. Kalmar ta ɗauki tarkacen ta ɗauki wurin duka biyu, abin da baraguzai ta kasa.

Nasan inda za a soke ta. Kufai baya tafiya, wannan kuwa buɗewa yake kullum, kuma ba kowane gari ne ke tashi da tashin hankali ba, wani rijiya ce kawai ta ƙafe. Na farkon na karɓa, bani da amsa, sai dai ita ma remnant ɗin Turawa ragowa kawai take nufi bata ce komai kan gudu ba kuma suna ta aiki da ita. Na biyun ne yafi damuna saboda taurari irin rana basa fashewa, a hankali suke tuɓe fatar waje su barta tana haske, kamar wanda ake kira Zobe, M57 a jerin Messier, kar azo ana kiran su duka kufai a rikice. Sai ita 'yar'uwar mai toka ta dawo tace wannan ai saɓa ce irin ta maciji. Saɓar tauraro. Anti kin biya bashin tokar har da riba.

To ni dai daga yau abin da zan riƙa rubutawa kenan, fashewar tauraro ga aukuwar, kufan tauraro ga abin da ya rage, in ana son a cika a rubutun makaranta ace kufan fasasshen tauraro, gawar tauraro kuma a barwa dunƙulen tsakiya. Wanda yake da wadda tafi ya kawo, ban rufe ƙofa ba, amma yazo da hujja ba "bai yi min daɗi ba" kawai.

Na mayar wa Hajiya saƙo nace kufan wani tauraro ne da ya fashe tun kafin a kafa Kano da Katsina, tace "Allahu Akbar, to su waye suka gaji filin?" Na Ƙaguwa sai Disamba in Allah ya kaimu, yana rukuni ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta, ƙarami ne sosai a kyamarata kuma sai in gajimaren Ingila ya bari.