Neman shawara: labarin abokai biyu a Gimi a lokacin ciwon barci

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ina shirin rubuta ƙagaggen labari da ya dogara ga tarihin Gimi, ƙauyen da Isawa (wasu almajiran Musulunci da suka ba Annabi Isa girma na musamman) waɗanda suka karɓi bangaskiyar Kirista suka zauna a ƙasar Zazzau bayan sun haɗu da Likita Miller na mishan ɗin CMS (ƙungiyar mishan ta Cocin Anglican daga Ingila) a 1913, kafin ciwon barci ya hallaka da yawa daga cikinsu ya watsa sauran. Taurarin labarin 'yan mata ne biyu da suka tashi tare, ɗaya ta kamu da ciwon, ɗayar kuma ta ƙi barinta ko da iyayenta suka yanke shawarar ƙaura. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda zan nuna bangaskiyarsu ba tare da labarin ya zama wa'azi ba, da kuma iyakar abin da ya halatta in ƙirƙira a kan mutanen da suka rayu da gaske.

Amsar wani malamin tarihi mai ritaya:

'Yata, kin zaɓi wuri mai nauyi, don haka ki kula da shekaru sosai. A lokacin da labarinki yake faruwa mishan ɗin yana cikin birnin Zariya ne, bai koma Wusasa ba sai 1929, saboda haka kada ki sa kowa ya ruga asibitin Wusasa neman magani. Haka kuma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, wanda ke nufin abin da ke hannun mutanen Gimi sassa ne kawai, sai kuma abin da suka haddace. Game da Likita Miller, shawarata ita ce ki bar shi a gefen labari, a ji labarinsa a bakin mutane, kada ki sa masa maganar da bai faɗa ba. 'Yan matan naki ne, kina da ikon yin yadda kike so da su.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

'Yar'uwa, idan kina gudun wa'azi, ki bar ciwon ya yi aikinsa a cikin labarin. Ƙudan tsando ne ke kawo shi, kuma yana zama a kurmi da bakin rafi, inda mata ke ɗiban ruwa da wanki. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a bayan wuya, daga baya barci ya juye, mutum ya kwana ido biyu, da rana kuma gyangyaɗi ya sace shi da lomar tuwo a hannu. Abin da ya fi ciwo ga mai jinya shi ne halin mara lafiya yana sauyawa, har mai sanyin hali ta koma faɗa da zargi. Ki nuna mana yarinyar tana tashe ƙawarta domin ta haɗiye koko, tana wanke mata jiki bayan an zage ta, tana fara addu'a ta kasa kaiwa ƙarshe. Mai karatu zai ga bangaskiyar a nan, ba sai an ambata masa ba.

Amsar wani fasto:

Na yarda da Mama mai jinya, amma ina da ƙari. Kada ki ji tsoron barin yarinyar ta yi fushi da Allah, domin Zabura ta 13 da kuka ta fara, ta 88 kuwa kuka ne zalla, kuma suna cikin Littafi. Sannan ki tuna Isawa daga cikin almajirancin Musulunci suka fito, da allo da karatun ajami, suna da dangi Musulmi a ƙauyukan da ke kewaye. Idan kika mai da maƙwabtan nan miyagu kin zalunce su, kin kuma raunana labarin. Kafin ki rubuta babi na farko, ki je Wusasa ki zauna da tsofaffin iyalan da suka fito daga zuriyar Gimi, ki nemi izininsu, ki kuma sauya sunayen da za su ba ki.