Ranar da aka bar FSU a waje: ina labarin ya same ku?

Ɗan Gwale a Tallahassee:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai da yawa a cikinmu da karatu ko neman abinci ya kai garuruwan jami'o'in Amurka, kuma duk wanda ya zauna a can ya san Asabar ta ƙwallon Amurka ce, ko kana so ko ba ka so. Ina son kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa ranar Lahadi 3 ga Disamba 2023, da kwamitin mutum 13 ya fitar da ƙungiyoyi huɗun da za su yi sili-ɗaya-ƙwale na neman kofin ƙwallon jami'o'i, ya bar Jami'ar Jihar Filorida, wato FSU, a waje, alhali ta buga wasa 13 ta cinye duka.

Ga wanda bai saba bi ba: manyan ƙungiyoyin sun haura 130, kowacce wasa 12 take bugawa kafin na ƙarshen rukuni, ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. Shi ya sa kwamiti ke zama a Grapevine ta jihar Teksas yana jera su. A jerin da ya gabaci na ƙarshe FSU ce ta huɗu, Teksas ta bakwai, Alabama ta takwas. Aka kwana aka tashi, Mishigan, Washinton, Teksas, Alabama. FSU ta biyar.

Ni a nan Tallahassee, garin FSU, a ɗakin taruwa na gidan hayarmu na kalla. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata da ta yi ritaya daga aikin jami'ar, tun safe ta jera faranti da kek mai launin ƙungiyar, ja mai duhu da ruwan zinare. Ƙarfe sha biyu aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce Teksas ce ta uku, wani yaro da ke kusa da ni ya dafe kai, don ya riga ya gano lissafin: Teksas ta doke Alabama, to ba a ɗaga ta haka kawai ba, hanya ake share wa Alabama. Da sunan ya fito kuwa, ko tari babu wanda ya yi. Dattijuwar ta miƙe, ta ɗauko leda ta rufe kek ɗin, ta tattara wuƙarta ta haye sama. Ba a yanka shi ba ranar.

A ganina zalunci ne. Amma ina son jin na sauran garuruwa.

Malam Tusca:

Wa alaikumus salam. To ɗan'uwa, ni ina ɗaya ɓangaren, a Tuscaloosa, garin Jami'ar Alabama, nake koyarwa. Mu ƙarfe sha ɗaya ne a wajenmu, ina cikin kantin sayen kayan abinci. Ihun da ya tashi daga wajen masu karɓar kuɗi sai da na saki kwandona, na ɗauka wani abu ne ya faru. Wata ma'aikaciya ta rungume kwastomar da ba ta sani ba.

Ka yi haƙuri, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Daren Asabar ɗin na kalli wasannin biyu. Alabama ta doke Jojiya 27 da 24 a Atlanta, Jojiyar da ta yi wasa 29 a jere ba a ci ta ba, mai riƙe da kofi shekara biyu. Sai na juya wasanku da Louisville a Charlotte, 16 da 6, da Brock Glenn, ɗan aji ɗaya, mai jefa ƙwallonku na uku, don na farko da na biyu sun ji rauni. Masu tsaron bayanku zakuna ne, wannan ba musu. Gabanku kuwa ba ya motsi. Kuma a rubuce yake cikin ƙa'idojin kwamitin cewa za a duba rashin babban ɗan wasa idan zai shafi ƙarfin ƙungiya. Abin da shugaban kwamitin, Boo Corrigan, ya faɗa ke nan, cewa FSU ba ita ce ƙungiyar da aka gani a makonni 11 na farko ba.

Ɗan Gwale a Tallahassee:

Malam, da girmanka, mako ɗaya kafin nan saura ƙiris Auburn ta kore ku. Jifa ta huɗu, wato damar ƙarshe, saura yadi 31, mai jefa ƙwallonku Milroe ya wurga, Isaiah Bond ya cafe a lungu. Auburn ɗin da New Mexico State ta zo har gida ta lallasa mako ɗaya kafin ku. Idon bai ga wannan ba?

Malam Tusca:

Ya gani. An dai ci.

Maman Hanifa, Houston:

Ku maza ku yi ta lissafinku, ni abin da ya tsaya min daban ne. Aikin jinya nake yi a sashen ƙashi, ina bakin aiki ranar. Talabijin na ɗakin wani majinyaci a kunne, tsoho ne ɗan Teksas da aka yi wa aikin ƙugu. Da ya ji sunan ƙungiyarsa sai da na danne kafaɗarsa don kada ya yunƙura ya ɓata ɗinkin.

Da yamma wata abokiyar aikina ta nuna min abin da Jordan Travis ya rubuta a Twitter. Shi ne mai jefa ƙwallon FSU da ƙafarsa ta karye ranar 18 ga Nuwamba a wasa da North Alabama. Yaron cewa ya yi da ma ƙafar ta karye tun farkon kaka, don mutane su ga ƙungiyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, har yana ba da haƙuri. Wallahi sai da na shiga ɗakin ajiyar kaya na share hawaye. Na san irin wannan karayar, na san daren da mai ita ke kwana ba barci, ga ƙarfe a ƙafa. Sai kuma a tashi a gaban duniya a ce saboda ƙafarka aka hana abokanka. Ko da hukuncin daidai ne, an ɗora wa yaron kayan da ba nasa ba.

Bazindire_ATL:

Sannunku. Ni direba ne a Atlanta, ban san dokokin wasan sosai ba, amma na san fuskar fasinja. Daren Asabar na yi ta kwasar mutane daga bakin filin Mercedes-Benz. 'Yan Jojiya shiru, 'yan Alabama ana waƙa. Lahadi kuma jigilar filin jirgi. Na ɗauki wani mutum da ɗansa, 'yan Jojiya, muna kan hanya aka karanta jerin a rediyo. Daga ta ɗaya sun faɗo ta shida. Uban ya ce idan mafi ƙarfi huɗu ake nema, Jojiya na ciki, idan kuma waɗanda suka cancanta ake nema, FSU na ciki, to wanne kwamitin ya bi? Ɗan ya ce wanda zai shigar da Alabama. Muka kwashe da dariya har uban. Har yau ban ji wanda ya amsa tambayar mutumin nan ba.

Baba Alhaji, Fort Worth:

Yara, ku zauna in ba ku labari, don wannan ba shi ne farau ba. A 2014, shekarar farko ta tsarin ƙungiya huɗu, ina nan Fort Worth, 'yata tana karatu a TCU. Ranar Talata kwamiti ya ce TCU ce ta uku. Ranar Asabar suka yi wa Iowa State 55 da 3. Ranar Lahadi aka ce su ne na shida. Yarinyar nan ta kira ni tana kuka, wai Baba me kuma za mu yi musu, mu ci ɗari?

Wa aka saka? Ohio State. To ga inda nake son Malam na Tuscaloosa ya saurara. Ohio State ma mai jefa ƙwallonsu na uku ne ya buga musu wasan ƙarshen rukuni, Cardale Jones, bayan Braxton Miller da J.T. Barrett sun ji rauni. Ba a ce sun zama wata ƙungiya daban ba. Na san za ka ce sun yi wa Wisconsin 59 da 0, kuma gaskiya ne, har suka je suka ɗauki kofin, suka bi ta kan Alabama a hanya. Amma abin da hakan ke nuna min shi ne babu wanda ya san abin da ƙungiya za ta yi sai an bar ta ta shiga fili. FSU kuma na biyunsu, Tate Rodemaker, buguwa ya samu a kai a wasa da Jami'ar Filorida, wadda daban take da FSU, kafin Janairu ai ya warke.

Kafin kwamiti ma, zamanin BCS da ake haɗa ƙuri'a da lissafin kwamfuta, Auburn ta cinye wasanninta duka a 2004 ba a ba ta wasan kofi ba. UCF, wato Jami'ar Tsakiyar Filorida, ta yi 13 ba faɗuwa a 2017, da suka ga ba mai kula su sai suka naɗa kansu zakaru, har da fareti. Abin da ya bambanta na 2023 shi ne wannan ne karon farko a tsarin kwamiti da aka bar zakaran ɗaya daga manyan rukunai biyar wanda ba a ci shi ko sau ɗaya ba.

Sadiq_Zango (Columbus):

Baba, Allah ya ƙara girma, mu nan Columbus, garin Ohio State, ba ma son a riƙa tono 2014. Ni daga Kumasi na zo a shekarun baya, a wurin aikinmu na ɗakin ajiyar kaya ba wanda ya damu da FSU ranar. Duk addu'arsu kada Mishigan, abokiyar hamayyar Ohio State, ta ɗauki kofin. Ba a karɓa ba.

Abba Firimiya, Kano:

Ni ban taɓa taka Amurka ba, ta intanet nake bi, yayana da ke Orlando ne ya koya min. Ƙarfe shida na yamma ne a nan, muna gidan kallo ana ƙwallon Ingila, ni kuma kaina na kan waya. Da na yi salati abokaina suka tambaya, na yi musu bayani. Ɗaya ya ce, wato kamar Leicester ta gama a saman tebur a 2016, sai wasu dattawa su shiga otal su fito su ce a ganinsu Man City ta fi iya ƙwallo? Na ce kusan haka. Ya ce to wannan ai zaɓe ne, ba wasa ba. Tun daga ranar idan sun gan ni da waya sai su ce yaya, an ƙirga ƙuri'un?

Yayana ya dage cewa kuɗin talabijin ne, wai ESPN ce ke nuna wasannin kuma tana shirin karɓar manyan wasannin rukunin SEC, wanda Alabama ke ciki, daga 2024. Ni dai ba ni da hujja, kuma tashar rukunin ACC da FSU ke ciki ma ta ESPN ce.

Hajiya Bilki, Miami:

Bari in kawo muku ƙarshen abin, don ni na je Orange Bowl, wasan ƙarshen kaka da aka haɗa FSU da Jojiya tunda an bar su a waje, ranar 30 ga Disamba. Maigidana tsohon ɗalibin FSU ne, ya ce ko ba komai a je a nuna wa yaran ba a yashe su ba. Muka sayi tikiti da tsada a makon farko. Kafin ranar wasa kuɗinsa ya faɗi warwas, har a bakin ƙofa ana neman wanda zai karɓa.

Kullum sai a ji wane ya ce ba zai buga ba, zai je shirin NFL, gasar ƙwararru, wane ya nemi canjin makaranta. Shi ma Rodemaker ya tafi. Sama da mutum 20 babu su. Da aka kira sunayen masu farawa, maigidana da ya haddace lambar kowa sai duba takarda yake. Kafin hutun rabin lokaci Jojiya na gaba 42 da 3. Layinmu ya fara watsewa, wata mata a gabanmu ta juya tutarta ta zauna a kai. Aka tashi 63 da 3, ba a taɓa irin wannan tazarar a wasan Bowl ba. Shi kansa kocin Jojiya, Kirby Smart, bai yi wani murna ba, ya ce a duba yadda abin ya zama a gyara.

Abin da ya fi ƙona min rai, washegari kowa na cewa kun gani, kwamiti ya yi gaskiya. Ina gaskiyar? Waɗanda suka ci wasa 13 ɗin ba su ne a filin ba. An gaya musu wasanninsu ba su da amfani, suka yarda, suka kama gabansu.

Malam Tusca:

Hajiya, wannan na yarda da ke, ba a hukunci da Orange Bowl. Amma ki duba namu. Rose Bowl, wasan kusa da na ƙarshe, ranar 1 ga Janairu, Mishigan ta sha da ƙyar, 27 da 20, sai da aka je ƙarin lokaci. Ita ce kuma ta je ta doke Washinton 34 da 13 a Houston ta ɗauki kofin. Kwana biyu bayan nan kocinmu Nick Saban ya ajiye aiki, na wuce ta bakin filinmu na Bryant-Denny na ga ɗalibai sun zagaye mutum-mutuminsa suna ajiye kwalaben lemo da biskit ɗin da yake so. Ba na jin FSU ta Disamba za ta kai Mishigan ƙarin lokaci.

Ɗan Gwale a Tallahassee:

"Ba na jin." Nan ne duk rigimar take, Malam. Garinmu fa abin bai tsaya a fili ba. Kocinmu Mike Norvell ya fito ya ce ransa ya ɓaci matuƙa, Gwamna DeSantis na Filorida ya nemi a ware dala miliyan 1 a kasafin jiha ko za a je kotu, kafin Kirsimeti jami'ar ta maka rukunin ACC ɗin kanta a kotu tana neman hanyar fita. Kakar 2024 kuma kada ma a tambaye ni, wasa 2 muka ci, aka ci mu 10.

Baba Alhaji, Fort Worth:

Malam bai ba mu labarin Disamban 2024 ba. An faɗaɗa zuwa ƙungiya 12, aka ce rigima ta ƙare. Kujerar ƙarshe ta rage tsakanin SMU ta nan Dallas, da ta faɗi wasan ƙarshen ACC a hannun Clemson 34 da 31, da Alabama mai faɗuwa uku, ciki har da Vanderbilt da kuma 24 da 3 a Oklahoma. Aka ɗauki SMU. Malam, ranar kana kantin?

Malam Tusca:

Ina gida, Baba, na kashe waya. Amma ku duba jadawalin wasannin SMU ku faɗa min ƙungiya nawa mai ƙarfi suka doke. Penn State ma 38 da 10 ta yi musu a zagayen farko.

Hajiya Bilki, Miami:

Ku kuma Mishigan ta sake doke ku a Tampa ranar 31 ga Disamba, 19 da 13, alhali manyan 'yan wasanta da dama ba su buga ba. Maigidana ya ce a gaishe ka.