Littafi ɗaya, buƙata biyu: ina zan ajiye shi?

Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗan ɗakin karatun makarantarmu, kuma jera littattafan ya gagare ni.

Da farko tsarin Dewey na bi, wato tsarin da ke ba kowane fanni lambarsa, a jera littattafai bisa lambobin. Sai fiƙihu, hadisi, tafsiri da sira duk suka cunkushe a lamba 297, ga shi yara ba sa zuwa da sunan fanni. Abin da suke cewa shi ne, "Malam, ina na JAMB?" ko "Ina son na karantawa a hutu." Don haka na sake jeri bisa manufa: na jarrabawa, na ibada, na bincike, na nishaɗi, kowane rukuni da launin takardar da na liƙa masa.

Inda na cije shi ne littattafai masu amfani biyu. Misali, na tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804: ɗan aji shida yana nemansa don WAEC, malami yana nemansa don bincike, kwafi kuma ɗaya ne. Na liƙa masa launi biyu, sai kowa ya mayar da shi inda ya ga dama, a wayi gari ana cewa ya ɓata.

Don Allah, da wace ƙa'ida kuke ba irin wannan littafi mazauni ɗaya tak?