Wane irin takalmi za mu saya ma yaron da za shi Kanada cikin sanyi?

Bakabe:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Winnipeg can Kanada, watan Janairu za shi tahi in sha Allahu, kuma an ce mana lokacin ne sanyinsu ya hi tsanani. Hajiyarmu ta matsa sai an sai mai takalmi tun nan Birnin Kebbi, na zagaya wurin 'yan gwanjo na ga wasu manyan but na fata masu nauyi amma ban sani ba ko za su yi. Yaron ko jaurar nan tamu ba ya iyawa da ita, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Ɗan Gusau a Manitoba:
Wa alaikumus salam yayana. Garin da nike zaune ke nan. Gaskiya kada ku kashe kuɗi nan gida, ɗarin hunturu da muka sani da wanga ba hanyarsu ɗaya ba, a Janairu Winnipeg tana kai 30 ƙasa da sifili, ga iska, tsayuwar jiran bas kawai ta isa yatsun ƙafa su daina jin komi. Ya taho da kambas mai kauri da safa biyu don daga filin jirgi zuwa masauki, washegari ya shiga shago ya gwada da ƙafarshi.

In ya je ya duba a rubuce cewa ruwa ba ya shiga, don ƙanƙara tana narkewa kan takalmi kuma da zarar safa ta jiƙe an gama. Ya duba abin ɗumin da aka cusa ciki, galibi Thinsulate ne, akwai mai giram 200 akwai 400, wanda zai daɗe waje ko ya samu aikin kwashe ƙanƙara 400 ya kamata. Ya juya ƙasan ya gani, roba mai manyan haƙora ake so saboda santsi, kuma takalmin ya rufe idon sawu. Takalman kamfanoni irin su Sorel, Kamik, Baffin, Columbia duk ana samu. Lambar sanyin da suke rubutawa a kwali kada ya dogara da ita sosai, da mai tahiya aka yi lissahin, mai tsaye wuri ɗaya zai ji sanyi tun ba a kai nan ba.

Uwar Biyu:
Ɗana yana Rasha, abin da ya hi jaddada min shi ne a ƙara lamba ɗaya kan wadda mutum ya saba sawa. In takalmi ya matse jini ba ya gudu, ƙafa sai ta hi yin sanyi ko da nawa ka saye shi, ya kamata yatsu su riƙa motsi a ciki bayan an sa safa mai kauri. Kuma safar ulu, ban da ta auduga, ita auduga riƙe zuhwa take yi. Ku ce ma Hajiya ta haɗa mai man kaɗanya saboda faso, wannan kam namu ya hi nasu.

Malamin Argungu:
Ni ta wajen alwala zan yi magana. Ya riƙa yawo da ɗan tawul a jaka, in ya wanke ƙafa ya goge har tsakanin yatsu kahin ya mai da safa. Ya kuma zauna da malami kahin tahiya ya koyi hukuncin shafa kan huffi, zai yi mai amfani ƙwarai.

Ɗan Gusau a Manitoba:
Haka ne malam. Na manta, gishirin da suke watsawa kan hanya yana cin fata, ya riƙa gogewa da ɗanyen tsumma in ya dawo, ya zare shimhiɗar ciki ta sha iska, kada ya jingina shi jikin hita fatar tsagewa take.

Bakabe:
Allah ya saka da alheri, na karanta ma Hajiya duka ta yarda a ba shi kuɗin a hannu. Ɗan Gusau zan tuntuɓe ka ta saƙo in ranar ta matso, ko Allah ya sa ka raka shi shagon.